Yadda Ake Koya wa Yaro Haɗa Baƙi a Gida, Mataki-Mataki

Tun da aka koma makaranta iyaye suke ta maimaita mini tambaya guda ta fuskoki daban-daban: yaro ya shekara biyu ko uku yana zuwa makaranta, yana rera A B C har ƙarshe babu tuntuɓe, amma da zarar an ajiye masa kalma mai harafi huɗu sai ya tsaya yana kallon fuskar mai tambaya. Me za a yi masa a gida? Wata maƙwabciyarmu ta turo mini ɗanta mai shekara 6 da saƙo cewa, "Malam, ai ya sauke A B C tun bara, ka gwada shi ka gani." Na ɗauki tsinke na rubuta harafin m shi kaɗai a ƙasa. Yaron ya dube shi, ya ɗaga kai sama, ya faro waƙar daga farko yana ƙirgawa da yatsu, har ya wuce harafin bai sani ba. Abin da yake da shi hadda ce. Karatu kuwa shi ne yaro ya ga harafi ya san sautinsa, ya liƙa sautin da na kusa da shi har kalma ta fito, wato abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wane ya fara haɗa baƙi.

Wannan jagora an tsara ta ne don yara daga shekara 4 zuwa 7, kuma da Hausa za a fara ko da makarantar yaron da Turanci ko Faransanci take koyarwa. Dalili shi ne Hausar boko kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, sannan idan yaro ya haɗa "ku" da "nu" ya ji "kunu", ya san abin da ya karanta domin shi ya sha da safe.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Yawancin kayan suna cikin gida. Ana buƙatar kwalin taliya ko na sabulu wanda aka gama da shi, almakashi, marufan kwalba kamar 30, tire ko faifai da rairayi mai laushi, da gawayi ko alli. Abin da za a saya bai wuce maka (alƙalami mai kaurin rubutu) baƙa ɗaya da ja ɗaya, fensir, da littafin rubutu mai layi ba, kuma a lissafina duk kuɗinsu bai kai abin da ake biyan malamin lasin na wata guda ba. A yanka kwalin gida-gida kamar faɗin tafin hannun babba, a rubuta harafi ɗaya a kowane kati, baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja. Ƙananan baƙaƙe za a rubuta, irin na littafi, ba tare da ado ko lanƙwasar gwaninta ba.

Hattara: kada a kashe kuɗi a kan manyan taswirorin bango na 'yan talla masu hoton tuffa da jirgin ruwa a gefen kowane harafi. An yi su ne don sautukan Turanci, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsu. Waya ma ba ta cikin kayan da ake buƙata a wannan mataki.

1. Tsayar da lokaci da mai koyarwa

Minti 10 zuwa 15 a kowace rana sun wadatar, kuma sun fi awa biyu a ranar Asabar kaɗai amfani nesa ba kusa ba. A zaɓi lokacin da yaro ya ci abinci ya huta. A gidaje da yawa bayan la'asar yara suna Islamiyya, don haka tsakanin magariba da isha'i ko kuma da hantsi a ranakun hutu ya fi dacewa. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, uwa ko uba ko yaya, domin idan yau wannan ya ce "mmm" gobe wancan ya ce "em", yaron ne zai ruɗe. Uwar da ta iya karanta saƙon waya da Hausa ta isa ta yi wannan aiki, ba sai mai takardar koyarwa ba.

Hattara: a ajiye bulala da tsawa a waje. Yaron da yake tsoron duka cinta yake yi da sauri don ya tsira, cinta kuwa ita ce babbar cutar da ake son kauce wa a dukkan matakan da ke tafe. A tashi daga zaman tun yaro bai gaji ba.

2. Fara da kunne kafin ido

Kafin a nuna wa yaro harafi ko ɗaya, sai ya gane cewa kalma tana rarrabuwa. Wannan mataki ba ya buƙatar kati ko fensir, ana iya yinsa ana tsintar shinkafa ko ana hanyar kasuwa. A fara da tafa gaɓoɓi: a faɗi kalma a tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa, "ma-ge" tafi biyu, "a-ku-ya" tafi uku, "ma-ka-ran-ta" tafi huɗu. A bi sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, domin yara suna son jin tafi nawa sunansu ya ci. Idan wannan ya zauna sai a juya wasan: babba ya faɗi gaɓoɓin a warwatse, "tu... ku... nya", yaro ya haɗa ya faɗi kalmar. Wannan juyi shi ne ainihin aikin da zai yi a takarda nan gaba, saboda haka a daɗe a kansa.

Daga nan sai sautin farko. A ce, "Kawo mini abin da ya fara da sss," ya kawo sabulu ko soso ko sanda. Karin maganganu masu karya harshe suna da amfani a nan, kamar na ƙato da ƙwaɗo da suka tafi ƙoto, domin suna sa kunne ya saba da sauti guda yana maimaituwa, kuma dariyar da ake yi idan harshe ya harɗe ba ta da illa.

Yaro ɗan shekara 3 ko 4 zai iya tsayawa a wannan mataki wata da watanni, tare da tatsuniya da daddare, ba tare da an yi asarar komai ba.

3. Wasula biyar

A, e, i, o, u, da furucinsu na Hausa. A gabatar da su ɗaya-ɗaya, a fara da a, sannan i, sannan u, domin su ne suka fi yawa a kalmomin Hausa, e da o su biyo baya. Ga kowane wasali tsarin ɗaya ne: a nuna kati, a furta sautin, yaro ya maimaita, ya bi siffar harafin da yatsa a kan katin, ya zana shi a tiren rairayi yana furtawa, sannan a haɗa shi da kalma guda da ya sani: a na akuya, i na ido, u na uwa.

Hattara: a nan ne waƙar A B C take yin ɓarna mafi girma. A Turanci sunan harafin e shi ne "i", sunan harafin i kuwa "ai", sunan a kuma "ei". Yaron da ya zo da waɗannan sunaye zai ga i ya ce "ai", ya ga e ya ce "i". Ba sai an ce masa malamarsa ta yi kuskure ba. A gaya masa cewa harafi yana da suna kuma yana da kuka, kamar yadda akuya sunanta akuya amma kukanta "mee", kuma a wannan zama kukan haruffa ake nema. Ban taɓa ganin yaron da wannan misali bai shige shi ba.

4. Baƙaƙe, biyu ko uku a mako

Kada a bi jerin abacada daga b zuwa z. A zaɓi baƙaƙen da za su ba da kalmomi da wuri, kuma a fara da waɗanda ake iya jan sautinsu. Jerin da nake bi shi ne m, n, k, sannan s, r, t, sannan b, g, l, w, y, sauran su biyo baya. Da a, m, n, k kaɗai yaro yana da mama, nama, kama, kaka, mana, maka. Da an ƙara u sai ga kunu, kuka, kuma, nuna, namu. Wato tun mako na biyu ko na uku akwai abin karantawa na gaske.

Kowane zama ya fara da bitar katunan da aka wuce, a gauraya su kamar karta don kada yaro ya haddace jeri. Sabon harafi ba ya shigowa sai tsofaffin sun zauna, ma'ana yaro yana faɗin sautinsu da ganin kati ba tare da dogon tunani ba.

Hattara ta farko: kada a liƙa wa baƙi wasali wajen furta shi. Mun saba cewa "ba, ca, da", amma yaron da ya koyi cewa m ita ce "ma", idan aka sa mata i zai karanta "ma-i". A ce "mmm", "nnn", "sss". Baƙaƙe irin k, t, b ba sa januwa, sai a furta su a gajarce ƙwarai, kamar an datse.

Hattara ta biyu: b da d kada su haɗu a mako ɗaya, a bar aƙalla mako biyu a tsakaninsu. Wajen rubutu a ce b sanda ce tukuna sannan tulu, d kuwa tulu ne tukuna sannan sanda. Juya waɗannan haruffa abu ne da aka saba gani a wurin yara har wajen shekara 7, ba alamar daƙiƙanci ba ce.

5. Haɗa baƙi da wasali

Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Wanda ya yi makarantar allo ya san shi, domin bayan babbaƙu ai farfaru ake shiga, inda ake ɗora wa kowane baƙi wasali a ji yadda yake sauyawa. Aikin ɗaya ne, rubutun ne kawai ya bambanta.

A ajiye katin m a hagu, katin a a dama, da tazara kamar taƙi ɗaya a tsakani. A ɗora yatsa a kan m a ja sautin, "mmm", ana tura katin a hankali zuwa wajen a ba tare da an yanke numfashi ba, har su haɗu: "mmmaaa", sannan a faɗa da sauri, "ma". A yi sau biyu ko uku yaro yana kallo, sannan a yi tare, sannan ya yi shi kaɗai da hannunsa a kan katin. Rashin yanke sautin shi ne sirrin. Idan aka ce "m", aka yi shiru, sannan aka ce "a", yaro ya riga ya saki na farkon kafin na biyu ya iso.

Da "ma" ta samu, a bar m a wurinta a riƙa sauya wasalin: mi, mu, me, mo. Sannan a bar wasalin a sauya baƙin: ma, na, ka, sa. A nan marufan kwalba suke da amfani. A rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowane marfi, a zuba su a kwano, yaro ya rufe ido ya ɗauko ya karanta. Wanda ya karanta daidai ya zama nasa, wanda ya kuskure ya koma kwano.

Hattara: kada a bar "ma me mi mo mu" ta zama sabuwar waƙa. Idan kullum a jere ake faɗinsu, yaro zai haddace su kamar yadda ya haddace A B C, a koma gidan jiya. A riƙa nuna su a hargitse: mu, ma, mo, mi.

Wasu yaran suna kama wannan cikin kwana uku, wasu sai sun yi wata guda suna cewa "mmm... a" ba tare da sun ji "ma" a ciki ba. Idan aka ga haka a koma mataki na 2, a ƙara wasan haɗa gaɓoɓi da baki na wasu kwanaki, sannan a dawo. Ina tuna autata da muka yi kusan mako uku a wannan wuri, har na fara tunanin ko na yi gaggawar farawa. Wata rana da daddare, babu wuta, muna zaune a tabarma da fitila mai caji, ta ɗauko marfin "na" da na "ma" ta jera da kanta, ta bi su da yatsa tana motsa leɓe, sai ta ɗago da ƙarfi ta ce, "Baba, nama ne!" Ta tashi da marufan a hannu ta nufi madafa don ta nuna wa uwarta. Daga wannan dare ban sake tura mata kati ba, ita take jawo su.

Ga yaron da yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya akwai ƙarin abu ɗaya. Can daga dama ake farawa, nan kuwa daga hagu, don haka zai iya ganin "na" ya ce "an". A ɗiga jan ɗigo a gefen hagu na allo ko takarda, a ce masa boko daga wajen ɗigo yake tashi. Karatun biyu ba sa cin karo, yara da yawa suna ɗaukarsu tare lafiya lau.

6. Daga gaɓa zuwa kalma da jimla

A fara da kalmomi masu gaɓa biyu buɗaɗɗu, irin rana, tuta, suna, mota, sannan masu uku, irin tasoshi bayan an koyi sh, ko takobi da barewa. Bayan kowace kalma a tambayi yaro ma'anarta ko a ce ya nuna abin, domin tun yanzu ya san cewa ana karatu ne don a ji magana.

Sai gaɓar da ta ƙare da baƙi: nan, kan, sarki, iska, tambaya. Sannan baƙi mai maimaituwa, wanda ya cancanci zama na musamman domin yana sauya ma'ana: baba da babba, suna da sunna, kala da kalla. A raba kalmar a tsakanin tagwayen baƙaƙen, bab-ba, han-nu, kun-ne. Tagwayen wasula ai da au, kamar a cikin kai, rai, sau, tauri, a koyar da su a matsayin sauti guda.

Da an tara kalmomi kamar 20 a shiga gajerun jimloli da aka gina da haruffan da aka koya kaɗai: "Kaka na nan." "Mama ta sa tasa a rana." A nan ne za a nuna babban baƙi a farkon jimla da aya a ƙarshenta.

Hattara: rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka farin kaya da farin rashin ruwan sama. Idan yaro ya haɗa haruffan daidai amma kalmar ta fito a karkace, bai yi kuskure ba. A ce masa ya karanta jimlar duka ya ji wanne ake nufi.

7. Masu ƙugiya da masu goyo

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ, haruffa ne masu zaman kansu, kuma kowane sai an ba shi katinsa da ranarsa bayan takwaransa marar ƙugiya ya zauna sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce jera kalmomi biyu-biyu: bata da ɓata, daka da ɗaka, doki da ɗoki, kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. Yaro Bahaushe ya riga ya san bambancin a bakinsa, abin da ya rage shi ne idonsa ya lura da 'yar ƙugiyar.

Bayansu sai sh da ts, sannan kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy, fy. Kowane a rubuta shi a kati ɗaya, domin sauti ɗaya ne: kwano, gwanda, ƙwai, kyau, gyaɗa, ƙyalle, fyaɗe. Alamar da ke tsakiyar sa'a, jama'a, ma'ana ita ma a nuna ta, a ce wurin ɗan datse murya ne.

Hattara: yawancin Hausar da ke yawo a WhatsApp da Facebook babu ƙugiya a cikinta, saboda haka ba abin koyar da mai farawa ba ce. Wanda zai buga wa yaro kalmomi a waya ya sa Hausa a allon rubutun Gboard, haruffan suna nan. Haka kuma a gidajen da ake karin harshen Sakkwato, Katsina ko Maraɗi, inda ake cewa "hwari" ko "hita", yaro zai tarar da fari da fita a littafi. A bayyana masa cewa haka ake rubutawa, ba tare da an kushe yadda ake faɗa a gida ba.

8. Shifta

Rubutu ya riƙa tafiya tare da karatu tun daga mataki na 5. A ƙarshen kowane zama a yi shiftar gaɓa uku ko kalma uku: babba ya faɗa, yaro ya maimaita, ya tafa gaɓoɓin, sannan ya rubuta. A fara a rairayi, a koma alli ko gawayi a daɓe, littafi da fensir su zo daga baya idan hannu ya faɗa. Idan ya yi kuskure kada a goge masa. A ce ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, sau da yawa da kansa zai ji inda harafi ya faɗi.

Abubuwa biyu za su taso idan an kai jimloli. Muna cewa "gidam Musa" da "motas sarki" amma muna rubuta gidan Musa da motar sarki. Sannan yana, tana, suna a haɗe suke, alhali ya zo, ta ce, sun tafi a rabe. A gyara waɗannan a hankali, ba su ne abin damuwa a shekarar farko ba.

Hattara: kwafe shafi guda na harafi ɗaya gajiyar da hannu ne kawai. Bahago kuma a bar shi ya rubuta da hannun da ya fi masa sauƙi, a ɗan karkata masa takardar. Tarbiyyar cin abinci da dama daban take da riƙon fensir.

9. Littafi na gaske

Karatu iri biyu ne a gida kuma kada a gauraya su. Akwai wanda babba yake karanta wa yaro, labari mai daɗi ko da ya fi ƙarfinsa, ana tsayawa ana tambayarsa me yake gani zai faru. Akwai kuma wanda yaro yake karantawa da kansa, wanda dole ya kasance da haruffan da ya sani. Na biyun ya fi wuyar samu a kasuwa, don haka a yi shi a gida: a ninke takarda huɗu a ɗinke da zare, a rubuta jimla ɗaya a kowane shafi a kan mutanen gida da dabbobinsu, yaro ya zana hoton. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ya riga ya sani ma ana iya taƙaita ta a jimla shida.

Mai intanet zai sami gajerun labaran yara da Hausa kyauta a shafukan African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library, kuma buga guda biyu ko uku a shagon kwamfuta ya fi a miƙa wa yaro waya. Iyayen da ke jihohin Bauchi da Sakkwato su tambayi malaman firamaren gwamnati littattafan shirin Mu Karanta, waɗanda aka tsara su a kan koyar da sautuka daki-daki.

Hattara: idan yaro ya maƙale a kalma, kada a ce ya dubi hoto ya cinta, kuma kada a yi saurin faɗa masa. A rufe kalmar da yatsa a buɗe ta gaɓa-gaɓa. Don a gane ko karatu yake ko hadda, a nuna masa kalma daga tsakiyar shafi, ko a rubuta jimlar a wata takarda da kalmomin a sauye. Na taɓa ganin yarinya tana zuba shafi guda ba gargada alhali littafin a kife yake a hannunta.

10. Tsallakawa zuwa Turanci ko Faransanci

Lokacin tsallakawa shi ne sa'ad da yaro yake karanta jimla huɗu ko biyar na Hausa da bai taɓa gani ba, kuma ya iya faɗin abin da suka ƙunsa. Dabarar haɗa sauti ba a sake koyonta, abin da za a koya masa shi ne wuraren da harsunan suka saɓa. Turanci yana da sautuka kusan 44 da haruffa 26 kacal, don haka harafi ɗaya yakan yi kuka fiye da ɗaya. Makarantun da ke bin tsarin Jolly Phonics, wato koyar da karatun Turanci ta hanyar sautuka, suna farawa da s, a, t, i, p, n, kuma yaron da ya bi matakan nan ya riga ya san biyar daga ciki. A ba da lokaci ga p, v, q, x waɗanda ba ya haɗuwa da su a Hausa, musamman bambancin p da f. A gaya masa cewa c ta "ci" da "cokali" a Turanci takan zama k ko s. Sai baƙaƙe masu cunkoso irin st, bl, sk, inda harshenmu yake son cusa wasali a tsakani. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin "the" da "said", a koyar da su biyu ko uku a mako.

Ga yaran Damagaram, Maraɗi da Tawa da ke karatu da Faransanci, a fara da nuna cewa "ou" ita ce u ta Hausa, "ch" ita ce sh, kuma baƙin ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta shi.

Hattara: a raba zaman harsunan biyu, ko da rana ko da launin kati. Kuma haɗa sautin kalmar Turanci ba ya nufin an san ma'anarta, sai an faɗa masa da Hausa.

11. Idan abin ya ƙi gaba

Idan an yi wata uku ana zama kusan kullum amma yaro ɗan shekara 6 ko 7 bai riƙe wasula biyar ba, ko har yanzu ba ya iya haɗa gaɓa biyu da baki, a fara duba ido da kunne. Yaron da yake kai takarda dab da hanci, ko yake runtse ido, ko yake yawan cewa "na'am?" idan an yi magana ta bayansa, ko wanda ya taɓa fama da ciwon kunne mai ruwa, ƙyanda ko sanƙarau, a kai shi asibiti a auna ganinsa da jinsa. Idan waɗannan lafiya suke, a sami malamin ajinsa a ji ko abin da ake gani a gida shi ake gani a makaranta, a nuna masa katunan da jerin haruffan da aka bi. Akwai yara masu kaifin basira da haɗa sauti da harafi yake yi musu wuya ta musamman. Irin waɗannan sai a rage musu zuwa harafi ɗaya a mako, a yawaita rubutu a rairayi ana furtawa, a raba zaman gida biyu na minti 7 safe da yamma, kuma a ci gaba da karanta musu labari kowane dare kamar sauran 'yan'uwansu.